James Nasmyth, Maƙerin da Ya Zana Gudumar Tururi

An haifi James Nasmyth a birnin Edinbara na ƙasar Sikotilan a shekara ta 1808. Mahaifinsa mai zane ne, a wurinsa ya koyi riƙe fensir. A 1829 ya tafi Landan ya zama yaron Henry Maudslay, gwanin injiniya, a 1836 kuwa ya kafa maƙerarsa a Patricroft kusa da Mancasta.

A zamanin nan gudumar manyan maƙeru tana da aibi guda. Tana lilo ne a kan ƙota, saboda haka in ƙarfe ya yi kauri sai ya cike tsakaninta da uwar maƙera, bugu ya rasa ƙarfi daidai lokacin da aka fi bukatarsa. A 1839 masu ƙera jirgin ruwa Great Britain suka rasa gudumar da za ta buga musu katon sandar injinsa. Nasmyth ya zana wata sabuwa: tururi ya ɗaga dunƙulen ƙarfe sama a miƙe, ya sake shi ya faɗo. Amma aka canja fasalin jirgin, zanen ya zauna a littafi.

A 1842 ya ziyarci Le Creusot a Faransa, ya tarar François Bourdon ya riga ya gina irinta tana aiki. Ya komo gida da sauri ya yi rajistar haƙƙinsa a wannan shekara. Har yau masana tarihi suna raba yabon tsakanin mutanen biyu.

Abin da ya ba jama'a mamaki shi ne biyayyar wannan guduma. Takan fasa ƙwai a cikin kofin gilashi ba tare da kofin ya tsage ba, sa'an nan ta yi bugun da ke girgiza ƙasa. Da irinta aka riƙa buga gatarin ƙafafun jiragen ƙasa da sauran manyan sassansu. Jirgin ƙasa kuwa shi ya haɗa Legas da Kano a 1912, ya bi ta Agege, inda fataken goro Hausawa suka yi zango.

Nasmyth ya bar aiki a 1856 yana da shekara 48, ya duƙufa ga nazarin wata da madubin hangen nesa. Ya rasu a Landan a 1890.