Rashidi Yekini: Daga Masaƙa Zuwa Kofin Duniya

An haifi Rashidi Yekini a Kaduna ranar 23 ga Oktoba, 1963. Asalin iyayensa mutanen Ira ne a Jihar Kwara. Ya fara wasa a ƙungiyar ƙwallo ta masaƙar UNTL a Kaduna, wato ma'aikata irin waɗanda iyayenmu na Dakata suka yi aiki a cikinsu a Bompai da Sharada da Challawa. Daga nan ya koma Shooting Stars ta Ibadan, sa'an nan Abiola Babes ta Abeokuta.

A 1987 ya ƙetare zuwa Africa Sports ta Abidjan. A 1990 kuma ya tafi ƙasar Fotugal, inda ya buga wa Vitória de Setúbal. A kakar 1993 zuwa 1994 ya fi kowa cin ƙwallo a babbar gasar ƙasar, da ƙwallo 21. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta zaɓe shi gwarzon ɗan wasa na 1993. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya sami wannan girma.

Shekarar 1994 ita ce ƙololuwar sunansa. Nijeriya ta ɗauki Kofin Afirka a Tunisiya, shi kuwa ya ci ƙwallo 5, fiye da kowa. Ranar 21 ga Yuni, a birnin Dallas na Amurka, Finidi George ya miƙo masa ƙwallo ya tura ta ragar Bulgeriya. Ita ce ƙwallo ta fari da Nijeriya ta taɓa ci a Kofin Duniya. Ya shige cikin raga, ya riƙe ta da hannu biyu yana ihu don murna. A nan gida tsakar dare ne, amma mutane da yawa ba su kwanta ba. Jimillar ƙwallayen da ya ci wa ƙasarsa 37 ne.

Amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Bayan ya buga wa Gateway ta Abeokuta a 2005, ya zauna a Ibadan nesa da idon jama'a. Tafi ya ɗauke, masu ziyara suka ragu, rashin lafiya kuma ya same shi. Ya rasu ranar 4 ga Mayu, 2012, yana da shekara 48, aka binne shi a Ira.

Ya ku ɗalibai, yaron da ya fara daga filin masaƙa yana iya kaiwa ko'ina in ya dage. Sai dai suna ba ya jinyar mai shi. Wanda kuka yi wa tafi ranar nasara, ko malami ne, ko abokin aji, ku neme shi ranar da ba kowa a ƙofarsa.