Elisha Otis: Mutumin da Ya Yi Maganin Tsinkewar Igiya

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiyoyin ƙasar Shinkafi ko ta Zurmi ya san cewa lafiyar guga tana ga igiya. Ranar da igiya ta tsinke kuwa, sai neman ƙugiya. To, haka lifta take kafin zamanin Elisha Graves Otis: dandamali ne na katako da ake ja sama da igiya ɗaya. Ana ɗora masa kaya, amma mai hankali ba ya yarda ya hau, don kuwa mutum ba guga ba ne da za a tsamo shi lafiya.

An haifi Otis a ranar 3 ga Agusta, 1811, a garin Halifax na jihar Vermont ta ƙasar Amurka. Ɗan manomi ne, bai kuwa yi nisa a karatun makaranta ba. Ya yi tuƙin keken doki a garin Troy, ya kafa injin niƙa bai samu ciniki ba, ya mai da shi na tsaga katako, sa'an nan ya koma ƙera kekunan doki. Ciwon huhu ya kusa kai shi kushewa, matarsa ta fari kuma ta rasu ta bar masa 'ya'ya maza biyu, Charles da Norton. A garin Albany ya kafa 'yar masana'anta mai aiki da ƙarfin ruwan rafi, sai hukumar garin ta karkatar da rafin domin ruwan sha, aikin ya durƙushe. Har ya kai shekara arba'in bai tsayar da sana'a guda ba.

A 1852 yana kula da gyaran wata masana'antar gadaje a Yonkers, kusa da birnin New York, aka bukaci ɗaga manyan kaya zuwa saman bene. A nan ne tsohuwar sana'arsa ta yi masa rana. Ya ɗauko ƙarfen sifirin irin na keken doki ya ɗaura a kan dandamalin, ya haɗa shi da igiyar, ya kuma jera haƙoran ƙarfe a jikin ginshiƙan da dandamalin yake bi. Muddin igiya tana ɗauke da nauyi, sifirin yana lanƙwashe, dandamali yana wucewa. Da zarar ta tsinke sai ya miƙe, bakunansa biyu su cije haƙoran nan, dandamali ya tsaya cik. Watau tsinkewar igiyar ita ce da kanta take taka birki. Hikimar ke nan, babu ƙari.

Ya buɗe kamfaninsa a 1853, amma ciniki ya ƙi, domin tsoro ba ya fita da bayani. Saboda haka a 1854, a wajen baje koli na Crystal Palace a New York, ya hau dandamalin da kansa, aka ja shi sama a gaban taron jama'a, ya ba da umurni a datse igiyar. Dandamalin ya ɗan zame kaɗan, ya tsaya. Lalle akwai wasan kwaikwayo a cikin wannan al'amari, amma ransa ya sa a ciki, ba na wani lebura ba, kuma abin da ya sayo masa amincewar mutane ke nan.

A ranar 23 ga Maris, 1857, lifta tasa ta farko mai ɗaukar mutane ta fara aiki a kantin E. V. Haughwout mai hawa biyar a titin Broadway. Da tururi take aiki, tana tafiyar ƙafa 40 a minti ɗaya. Ya karɓi takardar mallakar ƙirƙirarsa a watan Janairu na 1861, ciwon mashaƙo kuma ya ɗauke shi ranar 8 ga Afrilu na shekarar, yana da shekara 49. Bai ga dogon bene ko ɗaya daga cikin waɗanda dabararsa ta haifar ba.

'Ya'yansa biyu, waɗanda suka fi shi iya kasuwanci, su suka raya kamfanin. Daga tururi aka koma lifta mai aiki da matsin ruwa, sa'an nan mai lantarki a 1889, shekarar da aka sa liftocin Otis a hasumiyar Eiffel ta birnin Faris. A 1898 aka haɗe da wasu kamfanoni aka sami Otis Elevator Company. A baje kolin Faris na 1900 kamfanin ya nuna matakala mai tafiya da kanta, irin wadda alhazai suke hawa a Masallacin Makka, daga baya kuma ya shiga ƙera daɓe mai tafiya na filayen jirgin sama. Liftocinsa ne aka sa a benen Empire State a 1931, da Burj Khalifa na Dubai da aka buɗe a 2010. Kamfanin United Technologies ya saye shi a 1976, ya sake zama mai cin gashin kansa a 2020, kuma har yau sunan ɗan manomin nan na Vermont yake amsawa.