Dakta Yusufu Bala Usman: Malamin Da Ya Ɗauki Laccar Ɗalibai Da Muhimmanci

Duk wanda yake zaune a Tudun Jukun kamar ni, ya san cewa Kwalejin Barewa ba ta da nisa da mu, Kongo ma ɗan hawan keke ne. Amma sai da na shiga shekarata ta ƙarshe kafin na san cewa waɗannan wurare biyu suna cikin tarihin ɗaya daga cikin manyan masanan da ƙasar nan ta taɓa yi, wato marigayi Dakta Yusufu Bala Usman. Lokacin da ya rasu, da yawanmu ko tafiya ba mu fara ba, wasu ma ba a haife su ba. Shi ya sa na ga ya dace mu ɗan waiwayi rayuwarsa, musamman ta ɓangaren da ya shafe mu kai-tsaye: laccocin da yake gabatarwa a bainar jama'a.

An haifi Bala Usman a garin Musawa ta ƙasar Katsina a shekarar 1945. Ɗan sarauta ne gaba da baya. Mahaifinsa shi ne Durɓin Katsina, ɗan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, mahaifiyarsa kuwa 'yar Sarkin Kano Abdullahi Bayero ce. Ya yi sakandare a Kwalejin Gwamnati ta Kaduna, daga nan ya wuce Ingila inda ya karanta tarihi da kimiyyar siyasa a Jami'ar Lankasta. Da ya dawo gida a 1967 sai ya kama koyarwa a Kwalejin Barewa. Ka ga ke nan a nan unguwanninmu ya fara riƙe alli.

Daga Barewa ya koma Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi karatun digirin digirgir a ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, ya kammala a 1974. Bincikensa a kan tarihin Katsina ne, kuma an buga shi littafi a 1981. Abin da ya fito da shi fili shi ne, bai yarda da yadda Turawa suka riƙa rubuta tarihinmu kamar ba komai cikinsa sai faɗan ƙabilu ba, wai Fulani da Haɓe. Shi a wurinsa, sai an duba ƙasa da noma da fatauci da ƙaura da yadda garuruwa suka kafu kafin a gane abin da ya faru. Kuma duk wata madogara, rubutacciya ce ko ta baka, sai an tambayi wanda ya samar da ita da kuma dalilinsa.

Yana ɗan shekara talatin Janar Murtala Muhammed ya sa shi cikin kwamitin tsara kundin mulki na 1975, wanda Cif Rotimi Williams ya shugabanta. A can ma bai bi yarima ya sha kiɗa ba. Shi da Dakta Segun Osoba sun ƙi amincewa da rahoton mafi rinjaye, suka rubuta nasu daban, suna ganin daftarin bai kare talaka ba. Gwamnatin soja ta yi watsi da nasun, sai a 2019 aka buga shi littafi.

To, yanzu ga inda na fi so mu tsaya. A watan Nuwamba na 1977, ƙungiyar ɗalibai ta Cibiyar Nazarin Harkokin Mulki da ke Kongo ta shirya lacca, ta gayyaci Bala Usman. A lura fa, ɗalibai ne irinmu suka shirya, ba hukumar jami'a ba. A lokacin ƙasa ta ɗauki zafi saboda muhawarar Shari'a a majalisar tsara kundin mulki. Ya tsaya gaban ɗalibai ya yi bayanin yadda wasu masu hannu da shuni, Musulmi da Kirista, suke fakewa da addini don su raba kan talakawa, su kuwa su ci gaba da cin dukiyar ƙasa tare. Ya kawo misali da yadda aka so a juya kisan Murtala na 1976 ya zama maganar addini. Ya kuma yi gargaɗin cewa wannan wasa zai iya kai ƙasa ga zubar da jini.

Jaridar New Nigerian ta buga laccar a farkon 1978, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kanta. Wasu suka yaba, wasu suka zarge shi da adawa da Shari'a da kuma kallon komai ta tabaran gurguzu. Amma abin da ya biyo baya kowa ya sani: rikicin Maitatsine a Kano a Disambar 1980, sannan na Kafanchan a Maris ɗin 1987. Wannan na biyun ma daga wani taron wa'azi ya faro a harabar Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, wutar ta bazu har Kaduna da Funtuwa da Katsina da nan Zariya. A shekarar ce aka haɗa waccan lacca ta Kongo da wasu rubuce-rubucensa aka fitar da littafin The Manipulation of Religion in Nigeria. Dubi ikon Allah: taro ɗaya a makaranta ya haifi littafin da har gobe ake karantawa, wani taron kuma a wata makarantar ya zama sanadin asarar rayuka da dukiya. Ashe wanda aka miƙa wa makirfo a harabar makaranta, da yadda masu sauraro suka karɓi maganarsa, ba ƙaramin abu ba ne.

Bala Usman bai tsaya ga magana kawai ba. Ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin tsohuwar Jihar Kaduna a zamanin jam'iyyar PRP, wadda ta kafa gwamnati a 1979 ƙarƙashin Alhaji Balarabe Musa. Bayan nan ya koma aji. A zamanin Janar Babangida ya yi adawa da karɓar bashin IMF da tsare-tsarenta, har ya rubuta littafi a kan haka a 1986. Shi da abokansa sun fitar da mujallar The Analyst da kuma Fitila, wadda ake bugawa da Hausa don wanda bai ji Turanci ba shi ma ya san halin da ake ciki. Gwamnati ta kore shi daga jami'a a 1989, ya garzaya kotu, kotu ta mayar da shi bakin aikinsa. Daga baya ya jagoranci cibiyar bincike ta CEDDERT da ke Hanwa.

Ba wai ina cewa duk abin da ya faɗa daidai ne ba. A littafin da ya rubuta da Dakta Alkasum Abba a 2000, sun ƙalubalanci masu cewa man fetur na ƙabilun yankin Neja Dalta ne su kaɗai, kuma masana daga can sun mayar masa da martani mai zafi. Wasu kuma suna ganin harshensa ya cika kaifi. Amma ko abokan hamayyarsa sun san cewa in za ka ja da shi, to sai ka yi karatu, domin shi da takardu da shekaru da alƙaluma yake zuwa. Ya rasu a Zariya ranar 24 ga Satumba, 2005, yana da shekara sittin.

Yanzu bari mu dawo gida. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, yaya laccocinmu suke a yau? Ni kaina na sha zuwa taro don an ce za a ɗauki suna, ko don lemo da cincin da za a raba a ƙarshe. Sau da yawa baƙon da muke gayyata ba don iliminsa ba ne, don ambulan ɗin da zai ajiye ne. A ɓata awa biyu ana jiransa, a ɓata ɗaya ana kirari da gabatar da manyan baƙi, shi kuma ya karanta takardar da wani ya rubuta masa, a tafa, a watse. Lokacin tambayoyi kuwa sai a ce lokaci ya ƙure. Washegari ka tambayi mutum goma abin da aka tattauna, da wuya biyu su iya gaya maka.

Wani zai ce ai mu 'yan kimiyya da fasaha ne, ina ruwanmu da tarihi da siyasa? To, ai waɗanda suka gayyace shi Kongo ma masu karatun mulki da lauya da akanta ne. Injiniyan da bai san yadda ake raba kan jama'a ba, shi ma da shi za a yi amfani ranar da abin ya tashi.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu masu zuwa abu uku. Na farko, a gayyaci wanda ya san abin da zai faɗa, ko da ba shi da ko sisi. Samaru da Kongo cike suke da irinsu, kuɗin mota kawai za a kashe. Na biyu, a ware aƙalla rabin awa don tambayoyi, kuma a bar mai saɓanin ra'ayi ya yi magana cikin ladabi. Na uku, a karɓi takardar laccar a buga ta a wannan mujalla, domin da ba a buga ta Kongo ba, da yau ba mu san an yi ta ba.

Mu dai mun kusa tattara namu-ya-namu, saura ku 'yan baya. Allah ya jiƙan Dakta Bala Usman, ya gafarta masa kurakuransa, mu kuma ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.