Yuri Kondratyuk: Mai Aron Suna da Ya Gano Aron Gudu

A ranar 20 ga Agusta 1977 Amurka ta harba kumbon Voyager 2, bayan kwana goma sha shida kuma ta harba ɗan'uwansa, Voyager 1. Abin mamaki, na baya shi ya zama na gaba, don kuwa ya ƙetare iyakar iskar rana a 2012, na farkon bai kai can ba sai a 2018. Dabarar da ta jawo wannan bambanci tana da tsohon tarihi, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fara hango ta shi ne Yuri Kondratyuk.

An haife shi a garin Poltava ta ƙasar Yukiren cikin 1897, sunansa na yanka kuwa Oleksandar Shargei. Ya tashi a hannun kakarsa, saboda mahaifiyarsa ta samu taɓin hankali, mahaifinsa kuma ya rasu a 1910. Cikin 1916 ya shiga babbar makarantar koyon fasaha ta Petrograd, amma bai daɗe ba aka ɗauke shi soja a Yaƙin Duniya na Farko. Da juyin juya halin Rasha ya ɓarke, sai aka tilasta masa shiga rundunar masu adawa da 'yan gurguzu, daga baya ya gudu. Da yake 'yan gurguzun ne suka yi nasara, rayuwarsa ta shiga haɗari. Don haka a 1921 ya karɓi takardun wani ɗalibi da ya rasu, ya ci gaba da amsa sunan mamacin har ƙarshen ransa.

Tsakanin 1918 da 1919, cikin wannan hargitsi, ya rubuta tunaninsa game da tafiya sararin samaniya. A ciki ya nuna cewa kumbo na iya ƙara gudu ko rage shi ta hanyar ratsawa kusa da wata duniya ko wata. Bayanin shi ne, rana tana janyo duk abin da ke nisantarta, saboda haka gudun kumbo raguwa yake yi. Amma idan ya bi ta bayan wata ƙatuwar duniya mai zagaya rana, sai ta ja shi, ta sammasa kaɗan daga gudunta. Misalinsa kamar yaro ne a kan keke ya kama bayan babbar mota, in ya sake ta sai ya wuce da gudun da ƙafarsa ba za ta ba shi ba.

Masanan Amurka sun sake gano wannan lissafi a shekarun 1960, aka kuwa ga amfaninsa. Voyager 1 ya ari gudu wurin Mushtari a 1979, da Zuhal a 1980, yana tafiyar wajen kilomita 17 a daƙiƙa. Pioneer 10 da ya tashi tun 1972, Mushtari kaɗai ya ratsa, gudunsa wajen kilomita 12 ne, shi ya sa Voyager 1 ya zarce shi nisa a 1998. Hatta New Horizons, wanda ya fi su duka saurin tashi a 2006, ba zai taɓa kamo shi ba. Watau ba ƙarfin tashi kaɗai ke kai kumbo gaba ba, har da hanyar da aka zaɓa masa.

Shi kuwa Kondratyuk, rumbunan hatsi ya koma ginawa a Sibiriya. A 1929 ya buga littafinsa da kuɗin aljihunsa a Novosibirsk. Wani makeken rumbun katako da ya gina ba ƙusa ko ɗaya shi ya jawo masa zargin zagon ƙasa, aka kama shi a 1930. Bayan an sake shi, Sergei Korolev ya yi masa tayin aikin roka a 1933, amma ya ƙi, don tsoron kada bincike ya tona asirin sunansa. Cikin 1941 ya ba da kansa soja don yaƙar Jamus, ya ɓace a fagen fama a 1942.

A yau akwai wani rami a bayan wata da ke ɗauke da sunan Kondratyuk, sunan da tun asali ba nasa ba ne.