Nana Asma'u 'Yar Shehu: Malamar Da Ta San Zafin Rashi

'Yar uwa, na san sunan Nana Asma'u ba baƙo ba ne a kunnenki. Makarantun Islamiyya nawa aka sa wa sunanta, 'ya'ya mata nawa suka ci sunanta? Sai dai in an tashi ba da tarihinta, a kan iliminta da waƙoƙinta ake tsayawa. Ni yau ɓangaren da ba a cika taɓawa ba nake so mu duba tare, wato rashe-rashen da aka yi mata, da abin da ta yi da baƙin cikinta.

An haife ta a Degel a shekarar 1793, ita da ɗan tagwaicinta Hassan. Tana ƙarama ƙwarai mahaifiyarta Maimuna ta rasu, sai sauran matan Shehu Usmanu suka riƙe ta. Ki lura fa, kishiyoyin uwarta ne suka yi mata uwa. A 1804, tana da shekara 11, aka yi hijira zuwa Gudu, ta ga yunwa da yaƙi da mutuwa da idonta. Ana cikin wannan hali aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. A 1817 Shehu ya rasu, shekarar ba ta ƙare ba Hassan ya bi shi. Uba da ɗan tagwaici a shekara guda, ita kuwa shekarunta 24 kacal.

Bello ya rasu a Wurno a 1837, Giɗaɗo a wajen 1850, sannan aminiyarta A'isha, matar Bello, a 1855. Duk ta yi musu marsiyya, wato waƙar juyayin mamaci. A ta A'isha ba ta ɓoye komai ba. Ta nuna kaɗaici ya dame ta, hawaye sun ƙi tsayawa, kuma ta tuna wa mai sauraro cewa Manzon Allah (SAW) bai hana zubar da hawaye ba, kururuwa ce ya hana. Malama ce da manyan malamai ke rubuto wa wasiƙa, amma ba ta ga kuka a matsayin raunin imani ba. Mu kuwa yanzu da mace ta fara hawaye a gidan makoki sai a taso mata da faɗa, wai ba ta da tawakkali. Haƙuri wajibi ne, ba musu, amma haƙuri daban, toshe wa mai ciwo baki daban.

To, me ta yi wa sauran mata? Yaƙe-yaƙen jihadi sun bar mata da yawa ba miji, wasu an raba su da garuruwansu da danginsu, sun tsinci kansu a gidajen da ba su san kowa ba. Macen da ke cikin irin wannan damuwa, in ba ta sami mai jin kukanta ba, wurin 'yan bori take nufa, don can ne ake sauraronta. Nana ta gane wannan. Ba ta tsaya ga wa'azi kawai ba, sai ta samar musu da madadi. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan, inda ta tattara surorin Alƙur'ani da ake neman waraka da su, har da na naƙuda da na damuwa.

Babban aikin dai shi ne 'Yan Taru. Ta zaɓi dattijan mata amintattu daga ƙauyuka, kowace a naɗa ta jaji, a ba ta malafa da jan rawani. Jaji kan jagoranci tsofaffi da 'yan mata zuwa wurin Nana, su haddace waƙoƙin karatu, su koma su koyar da matan aure da ke cikin gida. Amma aikin bai tsaya ga karatu ba. Ana duba mara lafiya, ana sulhunta masu rigima, ana taimakon mai haihuwa, ana wankan gawa. Kin ga ke nan macen da ke jinya ko takaba tana da wadda za ta yi mata sallama, ta zauna da ita. Masana halayyar ɗan Adam na yau suna cewa mai baƙin ciki ya fi saurin farfaɗowa idan yana da wanda ya amince da shi, yake sauraronsa. Ita tun wancan zamani ta tsara abin, ta ba shi shugabanni.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne irin matan da ta zaɓa ta yi wa marsiyya. Ba 'yan gidan sarauta kaɗai ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yabe ta da haƙuri da sada zumunci. Ta yi wa Hauwa'u, wata jaji. Ta yi wa Zaharatu, wadda ke zama da mai naƙuda, take yi wa mamata sutura, kuma duk wanda ya kira ta sai ta je ba tare da duba matsayinsa ba. Ba don alƙalamin Nana ba, wa zai san sunayensu yau? Irin Zaharatu suna nan a unguwanninmu, ke ma kin san su. Kuma kin san yadda muke yi: mu cika gida har sadakar bakwai, sannan kowa ya watse, a bar mai takaba da wata huɗu da kwana goma ita da bango. Ita kuwa mai jinyar suruka ko miji shekara da shekaru, da wuya a tambaye ta yaya nata jikin.

Nana Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare, kusa da mahaifinta a Sakkwato. Ƙanwarta Maryam ce ta karɓi jagorancin 'Yan Taru, mata suka ci gaba da zuwa daga ƙauyuka kamar yadda suka saba. Allah Ya jiƙansu da rahama, amin.