Malam Muhammadu Alkashinawi, Gwanin Lissafi

A cikin wannan ɗan rubutu ina so in ba 'yan'uwana ɗalibai tarihin wani Bakatsine wanda da yawanmu ba mu san shi ba, alhali kuwa a Misira an san shi. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi.

Ya taso a ƙasar Katsina, ya yi karatu a gida, sa'an nan ya nausa gabas neman ƙari. Cikin malamansa akwai Muhammadu Alwali na Bagarmi. Daga nan ya sauke farali a Makka, ya zarce Alƙahira ya zauna yana karantarwa. A shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimi, wato gidajen lambobi.

Ga yadda abin yake. A zana gida tara, a zuba 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa. Duk ta inda aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 za a samu. Malam Muhammadu ya tsara ƙa'idojin cika hatimi mai gefe mara, kamar 5 ko 7, daki-daki, yadda almajiri zai iya bi da kansa. Irin wannan tsari na bi-da-bi shi ne ginshiƙin aikin kwamfuta.

Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shehu Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin nan na Misira. Allah ya jiƙansa, amin.

Abin da ya sa na zaɓe shi kuwa shi ne, a Kantin Kwari na san yaran kanti waɗanda ke lissafa kuɗin turmi hamsin na atamfa da ka, kafin mai saye ya buɗe jaka. Amma da ka ambaci ilmin kwamfuta sai su ce ai wannan ba nasu ba ne. Wa ya gaya musu? Jikokin Alkashinawi ne fa.

Saboda haka ina roƙon malaman jami'o'inmu, irin su Jami'ar Bayero, da su riƙa jawo ɗalibai cikin bincike tun daga shekarar farko, maza da mata, 'yan birni da 'yan ƙauye. In an jira sai ajin ƙarshe, da yawa sun riga sun karaya sun koma kasuwa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.