Nettie Stevens: Matar Da Ta Gano Asalin Namiji Da Mace A Jikin Ƙwaro

Har gobe akwai gidajen da idan mace ta jera 'ya'ya mata uku ko huɗu, sai dangin miji su fara yi mata kallon banza, wani lokaci ma maganar ta kai ga kishiya ko saki. Wannan hali bai tsaya ga ƙabila ɗaya ba, Kudu da Arewa duk mun san shi. To amma fiye da shekara 100 ke nan da wata Ba'amurkiya ta ƙirga wasu 'yan zarurruka a jikin ƙwaro, ta nuna cewa ba daga ƙwan uwa bambancin namiji da mace yake tasowa ba. Sunanta Nettie Maria Stevens, kuma tarihinta ne za mu kawo wa mai karatu.

An haife ta ranar 7 ga Yuli, 1861, a garin Cavendish da ke Jihar Vermont ta Amurka. Mahaifinta Ephraim kafinta ne. Tana 'yar shekara biyu mahaifiyarta ta rasu, sai uban ya sake aure, suka koma garin Westford na Jihar Massachusetts. Duk da ba mai kuɗi ba ne, ya tsaya ya ga ita da ƙanwarta Emma sun yi karatu. Ta gama makarantar Westford a 1880, ta shiga kwalejin horar da malamai ta Westfield, inda ta cinye karatun shekara huɗu cikin shekara biyu.

Daga nan ta shafe sama da shekara goma tana koyarwa da aikin kula da ɗakin karatu, tana tara ɗan abin da ta samu. Sai a 1896, tana da shekara 35, ta shiga Jami'ar Stanford a matsayin ɗalibar digirin farko. Ɗalibanmu da ke jin kunyar zama aji ɗaya da ƙannensu su lura da wannan. Ta sami digirin farko a 1899, na biyu a 1900, sannan ta wuce Kwalejin Bryn Mawr ta mata, inda ta kammala digirin digirgir a 1903. Ɗaya daga cikin malamanta a can shi ne Thomas Hunt Morgan, wanda za mu sake haɗuwa da shi a gaba.

Tana cikin wannan karatu ta sami tallafin zuwa Turai. Ta yi aiki a cibiyar nazarin halittun ruwa ta Naples a Italiya, ta kuma zauna wajen Theodor Boveri a Würzburg ta ƙasar Jamus. Shi Boveri ya yi suna ne da nazarin ƙwan macijin cikin doki. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu zarurruka da ake kira kuromosom, su ne ke ɗauke da gadon kamanni daga iyaye zuwa 'ya'ya. Na wannan tsutsa manya ne, kuma biyu ne ko huɗu kacal, saboda haka ana iya bin sawunsu ɗaya bayan ɗaya yayin da ƙwan ke rabuwa. A irin wannan ɗakin bincike Nettie ta goge wajen aikin da ya zama sana'arta: a yanka nama siriri fiye da fatar albasa, a rina shi, a sa a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, a ƙirga, a zana da hannu.

A wancan zamani masana da yawa sun ɗauka abincin da uwa ta ci, ko zafi da sanyin wuri, su ne ke sa ɗan tayi ya zama namiji ko mace. Tun 1891 wani Bajamushe, Hermann Henking, ya ga wani baƙon zare a maniyyin wani ƙwaro, ya rasa sunan da zai ba shi, ya sa masa X. A 1902 Clarence McClung ya yi hasashen cewa zaren yana da hannu a maganar jinsi. Abin da ya rage shi ne hujjar da ido zai gani.

Da tallafin Cibiyar Carnegie, Nettie ta duƙufa kan ƙwari. Wanda ya buɗe mata ƙofa shi ne Tenebrio molitor, wani baƙin ƙwaro da tsutsarsa ke rayuwa cikin garin hatsi da dusa. Ta ƙirga kuromosom 20 a jikin ta mace, dukkansu manya. A jikin namiji ma 20 ne, sai dai 19 manya, ɗaya ƙarami. Da ta duba ƙwayoyin maniyyi, sai ta tarar kashi biyu ne: wasu na ɗauke da manya 10, wasu manya 9 da ƙaramin nan. Tunda ta mace ba ta da ƙaramin ko kaɗan, kowane ƙwai manya 10 zai ɗauka. Ke nan in ƙwai ya haɗu da kashin farko a sami mace, in ya haɗu da na biyu a sami namiji. Ƙaramin zaren shi ne yau ake kira Y, babban abokinsa kuma X. Ta wallafa wannan sakamako a 1905, daga baya ta bi wasu ƙwari masu yawa ta ga tsarin yana maimaituwa.

Ɗan Adam ma haka abin yake. Kuromosom ɗinmu 46 ne, kamar yadda aka tabbatar a 1956, mace tana da XX, namiji XY, kuma a 1990 aka gano ƙwayar gadon da ke kan Y wadda ke kunna halittar namiji, aka sa mata suna SRY. Kada kuma a juya laifin kan maza, domin babu mijin da ke zaɓen ƙwayar da za ta riga isa ga ƙwai. Ba kowace halitta ce ke bin wannan tsari ba. A tsuntsaye da malam buɗe littafi, ta mace ce ke da zarurruka mabambanta. A 'yar tsutsar ƙasa da ake kira C. elegans, dabba ta farko da aka karance kundin gadonta a 1998, babu Y sam, namijin X ɗaya kawai gare shi.

Inda tarihin ya yi ɗaci shi ne wajen rabon yabo. A shekarar ta 1905 Edmund Wilson na Jami'ar Columbia, babban farfesa mai faɗa a ji, ya fitar da sakamako makamancin nata daga wasu ƙwari na daban. Aikinsa nasa ne, ba sata ya yi ba, ya kuma ambaci nata. Sai dai ita ta fi shi fitowa fili da hukuncin tun farko, amma littattafai suka daɗe suna sa sunansa gaba, wasu ma su manta da ita. Morgan kuwa da farko bai gamsu cewa kuromosom ne ke ɗauke da gado ba, sai a 1910 da ya ci karo da wani ɗan ƙuda mai farin ido, irin ƙudan da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba, ya ga launin idon yana tafiya tare da X. Nettie ta riga ta ƙirga zarurrukan irin wannan ƙuda tun 1908. Morgan ya karɓi kyautar Nobel a 1933. A ganina ya cancanta, amma a kan harsashin da ɗalibarsa ta taya ginawa ya ɗora bulonsa.

Ba a ce ba ta ga komai ba a rayuwarta: a 1905 ta ci kyautar dala 1,000 da ake ba mace mai bincike mafi inganci. Amma duk zamanta a Bryn Mawr a ƙaramin muƙami ta yi shi. Ba ta yi aure ba. Cikin shekara 11 kacal ta wallafa takardun bincike kusan 40, har da na macijin ciki da ta koma yi wajen Boveri a 1908. Lokacin da kwalejin ta ƙirƙira mata kujerar farfesan bincike, sankarar mama ta riga ta ci ƙarfinta, ba ta samu ta hau ba. Ta rasu ranar 4 ga Mayu, 1912, a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, tana da shekara 50, aka binne ta a Westford. A 1994, shekara 82 bayan rasuwarta, aka sa sunanta a zauren tunawa da fitattun matan Amurka.